Gubar maganin feshi: yadda ake karanta gwajin jini a gane wanda ke cikin haɗari

Duk asibitin da ke karɓar marasa lafiya daga yankunan noma na jihar Kaduna ya san lokutan da gubar maganin ƙwari ke yawaita. Idan damina ta kankama, masu feshi ne daga Saminaka da Lere da Soba, waɗanda ke goya tanki mai yoyo tun hantsi har azahar, riga ta jiƙe sharkaf da magani. Da kaka kuma ƙwayar ajiyar wake da masara ce, da ake jefawa a buhu a jingine shi a ɗakin da mutane ke kwana. A cikin gari, Rigasa ne ko Tudun Wada ko Kawo, abin ba shi da lokaci: fiya-fiya ce da aka sayo don sauro da kuɗin cizo, aka ɗura a gorar lemo, yaro ya ɗauka ya kurɓa. Akwai kuma waɗanda ƙuncin rayuwa ya kai su ga sha da gangan, kuma su suka fi zuwa cikin mawuyacin hali. Tun 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni da shaguna, amma har yau maganin bai bar gidaje ba.

Da zarar an shigo da irin wannan mara lafiya, tambayar da ke gaban likita ita ce: wannan zai tashi, ko zai rikice cikin dare? A riƙe shi a nan, ko a tura shi asibitin koyarwa na Barau Dikko ko na Shika tun numfashinsa bai gaza ba? 'Yan uwa kan sa ran gwajin jini zai yanke hukunci, wasu ma'aikatan lafiya ma haka suke ɗauka. Gwajin yana da amfani ƙwarai, amma wanda aka fi ambato, wato na kolinestares, wani sinadarin jiki da gubar ke dannewa, ya fi gwanancewa wajen faɗin irin gubar da ta shiga jiki fiye da faɗin kusancin mutum da ajali. Tsananin ciwon ya fi fitowa a gwaje-gwaje masu araha da ake maimaitawa, a haɗa su da abin da ƙirji da wuyan mara lafiya ke nunawa.

Galibin magungunan ƙwarin da ke kwantar da mutane a nan 'yan gidan oganofosfet ne. Akwai DDVP, wanda shi ne ke cikin Sniper da yawancin fiya-fiyar da ake haɗawa a gida, sai kulofirifos, daimetowet, furofenofos da dayazinon. Makusantansu su ne kabamet, irin su kabofuran da ake sayarwa da sunan Furadan. Ɓarnarsu iri ɗaya ce. Jijiya na aika saƙo zuwa tsoka da zuciya da wuraren da ke fitar da yawu da gumi ta hanyar wani sinadari mai suna asetilkolin. Da saƙon ya isa, kolinestares ke wargaza shi nan take don kada ya ci gaba da aiki. Gubar tana manne wa kolinestares ta hana ta aikinta, sai jiki ya zama kamar famfon da kansa ya lalace: yawu na dalala, hawaye da gumi na zuba, ga amai da gudawa, baƙin ido ya tsuke, tsoka na rawa ƙarƙashin fata, huhu ya cika da majina. Abin da ke kashewa shi ne numfashi, ko dai ruwa ya toshe huhu, ko tsokar numfashi ta mutu, ko ƙwaƙwalwa ta daina ba da umarnin shaƙar iska.

Ita kolinestares da ke bakin jijiya ba a iya ɗebo ta a auna. Abin da ake aunawa a jini 'yan uwanta ne guda biyu, kuma rashin bambance su ne tushen yawancin kuskuren da ake yi.

Ta farko tana yawo cikin ruwan jini, hanta ce ke yin ta. Ita ce mai sauƙin aunawa, kuma kusan duk lokacin da ɗakin gwaji ya ce yana auna kolinestares, ita yake nufi. A 1971 wani mai bincike, Namba, da abokan aikinsa suka fitar da ma'aunin da har yanzu ake koyarwa: idan abin da ya saura kashi 20 zuwa 50 ne cikin 100 na yadda ya kamata ta kasance, guba ce mai sauƙi, kashi 10 zuwa 20, matsakaiciya, ƙasa da kashi 10, mai tsanani. Ma'aunin yana da daɗin haddacewa, amma yana da ramuka biyu manya.

Na farko, kashi nawa cikin me? Adadinta a jikin masu lafiya ya bambanta sosai. A wata hanyar gwaji da ake yawan amfani da ita, daga kusan 5,000 zuwa 13,000 a kowace lita duk lafiya ne. Manomin da asalin tasa 12,000 ce, idan guba ta sauko da ita 6,000, ya rasa rabi ke nan, amma takarda za ta fito tana cewa babu matsala. Ta ɗaya gefen kuma, mai juna biyu, mai ciwon hanta, yaron da tamowa ta kama, wanda ya ƙone, da wanda ya gaji ƙarancinta daga iyaye, duk za su nuna adadi ƙasa ko da ba su taɓa kusantar maganin feshi ba. Kowane ɗakin gwaji kuma yana da nasa iyakokin gwargwadon sinadaran da yake amfani da su, don haka ba a ɗauko adadin wani ɗakin a gwada da na wani.

Rami na biyu ya fi zurfi. Wannan ta ruwan jini ba ita ke aiki a jijiya ba, kuma kowace guba da irin yadda take kama ta. Michael Eddleston da abokan aikinsa sun bi marasa lafiya 802 a Sirilanka, aikin da mujallar Lancet ta buga a 2005, suka nuna cewa oganofosfet ba abu ɗaya ba ne: kowanne da saurinsa, da yadda yake kashewa, da yadda yake karɓar magani. Rahoton da suka fitar daga baya kan wannan gwajin ya nuna kulofirifos na durƙusar da ita kusan zuwa sifili har a jikin waɗanda za su warke sumul, alhali mai daimetowet na iya mutuwa, hawan jininsa ya faɗi warwas, ita kuwa ba ta sauka sosai ba. Ke nan adadi ɗaya a jikin mutum biyu na iya nufin abubuwa biyu mabambanta. Shi ya sa kwalbar maganin, ko hoton takardar jikinta a waya, ta kan fi takardar gwajin daraja, kuma ya kamata a tura wani gida ya ɗauko ta tun ana sa ruwa.

Duk da haka ba a yar da gwajin. Idan an kawo mutum a sume ba wanda ya san abin da ya sha, ko iyali na ɓoyewa saboda kunya ko tsoron 'yan sanda, faɗuwarta ƙasa sosai na tabbatar da cewa oganofosfet ne ko kabamet. Idan ana auna ta kullum, ranar da ta fara hawa alama ce gubar ta ƙare a jini, domin daga nan hanta kan mayar da kusan kashi 7 cikin 100 a kowace rana. Wannan na da muhimmanci ga guba irin kulofirifos da ke maƙalewa a kitse tana fitowa sannu a hankali, ta yadda mutum zai yi kamar ya warware sannan ya koma. Akwai kuma amfanin da ake yawan mantawa: ita ce ke wargaza sakzametoniyam, allurar da ake saki tsoka da ita kafin a zura bututun numfashi. A jikin mai lafiya aikin allurar minti kaɗan ne, a jikin wanda guba ta cinye masa wannan sinadari kuwa tana iya riƙe shi awanni bai motsa ba. Don haka a irin wannan hali a nemi wata allurar.

Ta biyu tana manne a jikin jajayen ƙwayoyin jini, kuma ita ce iri ɗaya da ta jijiya, don haka ta fi faɗin gaskiya. Binciken da aka yi a birnin Munik na Jamus ya nuna cewa idan ta haura kashi 30 cikin 100, tsoka na aiki daidai kuma da wuya a ci gaba da buƙatar atirofin, allurar da ke busar da yawu da majinar da gubar ke jawowa. Idan ta gaza kashi 10, saƙo tsakanin jijiya da tsoka ya lalace ƙwarai, kuma mutum na buƙatar atirofin mai yawa da sa ido kan numfashi. Ana ba da sakamakonta ne gwargwadon kowane giram na himogulobin, abin da ke da muhimmanci a inda ƙarancin jini ya yi yawa kamar nan. Mai sikila kuma jininsa cike yake da sababbin ƙwayoyi, waɗanda suka fi tsofaffi yawan wannan sinadari, don haka adadinsa na iya fitowa sama da yadda halinsa yake. Wanda aka yi wa ƙarin jini ma sakamakonsa ya gauraye da na wanda ya ba shi.

Matsalarta ita ce tana canzawa a cikin kwalba. Jinin da aka ɗiba yana ɗauke da gubar, kuma idan an riga an yi allurar firalidokzim, maganin da ke kwance gubar daga jikin kolinestares, yana ɗauke da ita ma. A ajiye kwalbar kan tebur cikin zafin watan Maris, guba za ta ci gaba da cin abin da ya rage, ko maganin ya ci gaba da farfaɗo da shi, kafin jinin ya isa ɗakin gwaji ya zama labarin kwalba, ba na mara lafiya ba. Kabamet ya fi kowa wannan halin, domin shi da kansa yake sakin kolinestares, har sakamako ya fito lafiya lau alhali mutum na kwance yana dalalar da yawu. Hanyar da masu bincike ke bi ita ce a shirya kwalba mai mililita 4 na ruwan gishirin asibiti mai sanyi ƙarara a cikin ƙanƙara, a ɗebi jini mililita 0.2 daidai a zuba a ciki a bakin gado, a girgiza, a kai firiza mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifili cikin minti 5. Tsarmawar da sanyin ne ke tsayar da komai a inda yake. Inda ba a da tabbacin wuta, mafi ƙaranci shi ne kwalbar EDTA mai murfi ruwan hoda mai duhu ko ta hefarin, a cikin kula da ƙanƙara, a kai da gaggawa. Kada a yi amfani da kwalbar gwajin suga mai murfi ruwan toka, domin fulorayid ɗin da ke cikinta shi kansa yana danne kolinestares. A wanke fatar da sabulu kafin a soka allura, musamman hannun mai feshi, don kada maganin da ke kan fata ya bi jinin. A rubuta lokacin da aka ɗiba, da lokacin da gubar ta shiga jiki, da ko an riga an yi firalidokzim. Sakamakon da babu waɗannan lokuta a jikinsa rabin sakamako ne.

Lokaci na da muhimmanci saboda wani dalili kuma. Bayan guba ta manne wa kolinestares, a hankali ɗaurin kan rikiɗe ya zama na dindindin, wanda babu maganin da ke kwance shi. Ga 'yan ɓangaren DDVP da daimetowet, rabin abin da aka kama kan kai wannan matsayi cikin kusan awa 4. Ga kulofirifos da dayazinon sai kusan awa 33. Furofenofos kuwa kusan nan take. Wanda ya sha fiya-fiya da daddare aka kawo shi da hantsi daga ƙauye mai nisa, firalidokzim ba za ta tsinana masa abin kirki ba, kuma tasa ta jajayen ƙwayoyi za ta daɗe a ƙasa, tana hawa kusan kashi 1 cikin 100 a rana yayin da ɓargo ke yin sabon jini. Shi ma atirofin ba ya ɗaga adadin ko kaɗan, toshe inda saƙon ke sauka kawai yake yi. Don haka mutum na iya warkewa ya tashi yana cin abinci alhali takardarsa na nan yadda take, kuma ba a riƙe shi a gado ana jiran adadi.

Ba a kuma jiran adadi kafin a fara magani. Wanda ƙirjinsa ke kurman majina yana buƙatar atirofin yanzu: miligiram 1 zuwa 3 ta jijiya ga babba, a ninka kowane minti 5 idan bai amsa ba, har ƙirji ya bushe, bugun zuciya ya haura 80 a minti, hawan jini na sama ya haura 80. Daga nan a ci gaba da kashi 10 zuwa 20 cikin 100 na jimlar da aka bayar, a kowace awa, cikin ruwa. Jimlar atirofin da mutum ya sha kafin ƙirjinsa ya bushe ita kanta ma'aunin tsanani ce, kuma ta fi yawancin gwaje-gwaje saurin samuwa.

Sai gwaje-gwajen da kowane babban asibiti ke yi, waɗanda a ganinmu su ya kamata iyali su fara kashe kuɗinsu a kai. Suga na farko, da ɗan digo a yatsa, domin yaro na iya suma saboda faɗuwarsa a ɗauka guba ce, babba kuma hauhawarsa ba tare da ciwon suga ba alama ce jiki na cikin tsananin wahala. Sai gwajin gishirin jini da ƙoda, wanda a ɗakunan gwajinmu kan zo tare da baikabonet. Baikabonet na masu lafiya na tsakanin 22 da 29. Saukarsa na nufin jini na tsami, ko dai don iska ba ta isa, ko don hawan jini ya faɗi, kuma wanda ya zo da jini mai tsami ya fi shiga haɗari ko yaya kolinestares ɗinsa take. Fotashiyam kan sauka ƙasa da 3.5 saboda amai da gudawa, ya ƙara wa tsokar numfashi rauni, ya kuma rikita bugun zuciya, don haka a haɗa shi da gwajin ECG. A duba sodiyam idan an ɗura wa mutum ruwan gishiri a gida don ya yi amai. Wannan ɗurar, da ta manja da madara, ba ta kashe guba. Abin da take yi shi ne tura amai mai haɗe da man da aka narkar da maganin cikin huhun wanda hankalinsa ya fara gushewa.

Hauhawar fararen ƙwayoyin jini a ranar farko galibi firgicin jiki ne, ba ƙwayar cuta ba. Sai ta ci gaba a rana ta biyu ko ta uku tare da zazzaɓi da ƙara a ɓangare ɗaya na huhu ake zargin limoniya. Amiles, sinadarin narkar da abinci da ake aunawa a jini, kan hau ne daga yawan aikin wuraren yawu, saboda haka ba ya isa a ce fankiriyas, gaɓar cikin da ke fitar da ruwan narkar da abinci, ta kumbura sai an auna ɗan uwansa laifes. Inda ake da na'urar auna iskar cikin jini, abin dubawa shi ne taruwar iskar da ya kamata a fitar. Wanda aka sa wa oksijin, 'yar na'urar auna oksijin da ake maƙalawa a yatsa za ta ci gaba da nuna 96 ko 97 alhali tsokar numfashinsa na gajiya, sai a wayi gari ya tsaya.

Wannan gajiyar ita ce abin da likitocin Sirilanka biyu, Senanayake da Karalliedde, suka bayyana a 1987: raunin da ke zuwa tsakanin awa 24 da 96, bayan yawu ya bushe kowa ya saki jiki. Babu gwajin jinin da ke faɗin zuwansa kai tsaye, amma akwai na bakin gado. Mara lafiya na kwance rigingine, ma'aikaciyar jinya ta ɗora tafin hannu a goshinsa ta ce, "Baba, ɗaga kanka daga filo, ka ture hannuna." Mai ƙarfi zai ture. Wanda raunin ya fara kamawa kansa zai ɗago kaɗan, haɓa na rawa, ya koma. A yi haka kowane awa 4. Duk wanda wuyansa ya fara gazawa, ko hankalinsa ya kai 13 ko ƙasa a ma'aunin Gilasgo, wanda ake auna zurfin suma da shi, inda mai cikakken hankali ke samun 15, wurinsa inda ake da injin numfashi ne, kuma a tafi da shi tun yana iya shaƙa da kansa.

Idan kolinestares ta fito daidai, ba a ce an tsira ba, domin wasu gubobin ba ruwansu da ita. Farakwat, maganin ciyawar da aka sani da Gramoxone, kan bar mutum yana magana garau a ranar farko, sai gyambon baki da maƙogwaro, daga baya ƙoda ta tsaya, huhu ya ƙandare cikin kwanaki ko makonni. Gwajinsa mafi sauƙi na fitsari ne: a zuba sodiyam dayitiyonayit a fitsarin da aka sa wa sinadarin kashe tsami, idan ya koma shuɗi akwai gubar, kuma duhun shuɗin na tafiya da yawanta. Inda ake iya auna shi a jini, jadawalin Proudfoot na 1979 ya nuna masu tsira galibi ba su haura miligiram 2 a lita ba a awa ta 4, ko 0.1 a awa ta 24. Abin da ke hannunmu shi ne kiriyatinin, gwajin aikin ƙoda, a auna a maimaita bayan awa 6. Saurin hawansa ya fi adadin farko ba da labari. A nan ba a gaggawar sa oksijin sai iska ta yi ƙasa sosai, domin yana ƙara wa gubar ƙarfi a huhu.

Ƙwayar ajiyar hatsi irin Phostoxin tana sakin iskar fosfin, wadda ke hana ƙwayoyin jiki amfani da oksijin. Hankali kan kasance garau har kusan ƙarshe, amma hawan jini na faɗuwa. Baikabonet da laktet da ECG ne ma'auninta, kuma ana maimaita su cikin awanni, ba kwanaki ba. Maganin ɓera mai tsinka jini kuwa ba ya nuna komai a ranar farko. Sai an auna INR, gwajin saurin daskarewar jini, bayan awa 24 da kuma 48. Inda babu, a zuba jini mililita 2 a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta, a bar shi minti 20 ba taɓawa, kamar yadda ake yi wa wanda maciji ya sara. Idan bai daskare ba, akwai matsala babba.

Ranar sallama ma gwajin na da abin faɗi ga mai feshi. A tsarin wasu jihohin Amurka, ana janye ma'aikaci daga aikin maganin idan ta jajayen ƙwayoyinsa ta sauka zuwa kashi 70 cikin 100 na asalinta, ko ta ruwan jini zuwa kashi 60, ba ya komawa sai ta dawo 80. Wanda ya tashi daga gado da ragowar kashi 25 ba shi da abin da zai tare feshi na gaba da shi, ɗan kaɗan zai sake kayar da shi. Ta ruwan jini kan cika cikin makonni, ta jajayen ƙwayoyi kuwa tana iya kai wata uku. A gaya masa da iyalinsa ƙarara cewa wani ne zai ƙarasa feshin bana. Wanda kuma ya sha da gangan, kada a sallame shi sai likitan ƙwaƙwalwa ya zauna da shi, a asibitin da yake ko a tura shi asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa, sannan wani babba a gidan ya kwashe duk sauran kwalaben kafin ya dawo.